BABI NA UKU: KUƊIN BINCIKE GA ƊALIBAN ILMIN HALAYYAR ƊAN ADAM MASU NAZARIN CUTAR PARKINSON DA TA HUNTINGTON A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba hanyoyin da ɗalibin digiri na biyu ko na uku a fannin ilmin halayyar ɗan Adam yake bi wajen samun kuɗin gudanar da bincike a ƙasar Amurka, idan ya zaɓi yin nazari a kan cututtukan nan da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har su ɓata motsin jiki. An ɗauki Amurka ne saboda a can ne aka fi zuba dukiya a kan binciken lafiya, kuma tsarinsu na raba kuɗin a rubuce yake, kowa na iya dubawa. An kuma taƙaita bayani a kan cututtuka biyu, wato cutar Parkinson da cutar Huntington. Abin da babin ke son fitarwa shi ne, inda kuɗi ya fito shi ke yanke irin tambayar da ɗalibi zai iya yi a bincikensa, kuma ɗalibin ilmin halayya ya fi sauran takwarorinsa shiga wannan matsi, domin aikinsa ya faɗo ne a tsakanin hukumomi.

3.1 Cututtukan da Ake Magana a Kansu

Cutar Parkinson ta samo sunanta daga wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson, wanda ya wallafa bayaninta a shekarar 1817. Alamominta na fili su ne karkarwar hannu ko ƙafa a lokacin da mutum ke zaune bai yin komai, da sandarewar gaɓoɓi, da nawar motsi, sannan daga baya a sami tangaɗi da yawan faɗuwa. Musabbabin waɗannan alamomi shi ne mutuwar wasu ƙwayoyi da ke wani ɗan yanki mai duhun launi a can cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu shi ne samar da sinadarin dofamin. Tun daga shekarar 1967, lokacin da George Cotzias ya nuna yadda za a riƙa ba da maganin lebodofa ya yi aiki, wannan magani ne ginshiƙin kula da masu cutar. Yana sauƙaƙa alamomi, amma ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar a duniya. A Amurka kaɗai adadin ya kai kimanin miliyan ɗaya.

Ita kuwa cutar Huntington, George Huntington ne ya bayyana ta a shekarar 1872, yana matashin likita ɗan shekara 22. Cutar gado ce tsantsa. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ita, to yana tsakanin samu da rashi daidai wa daida, wato kashi 50 cikin 100. Yawanci takan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50 da haihuwa, bayan mutum ya riga ya yi aure ya hayayyafa. Takan zo da fizge-fizgen gaɓoɓi ba da son mai su ba, kamar mai taka rawa, tare da sauyin hali da dusashewar tunani, kuma akasari mai ita kan rasu cikin shekara 15 zuwa 20 daga bayyanarta. Masu ita ba su da yawa idan aka kwatanta da masu cutar Parkinson, domin a Amurka ana ƙiyasta su da kimanin 41,000, sai kuma wasu fiye da 200,000 da ke zaune cikin zullumin ko sun gaje ta.

3.2 Abin da Ya Shigar da Masanin Halayya Cikin Lamarin

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa masanin halayyar ɗan Adam da cutar karkarwar hannu, alhali ga likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi? Amsar ita ce, sunan da aka ba wa waɗannan cututtuka, wato cututtukan motsi, ya ɓoye rabin abin da suke yi. Kimanin kashi 40 cikin 100 na masu cutar Parkinson suna fama da ciwon damuwa, kuma sau da yawa damuwar kan riga karkarwar zuwa da shekaru. Akwai fargaba, da mutuwar zuciya, da rashin barci, da gane-gane. Wani bincike da aka yi a birnin Sidni na Ostareliya, wanda ya bi marasa lafiya har tsawon shekara 20 aka kuma wallafa shi a 2008, ya gano cewa kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka kai wannan lokaci da rai sun sami ruɗewar tunani. Bugu da ƙari, shi kansa maganin yana da nasa tasiri a kan hali. A shekarar 2010 Daniel Weintraub da abokan aikinsa sun duba marasa lafiya 3,090 a Amurka da Kanada, suka tarar kashi 13.6 cikin 100 suna da matsalar kasa kame kai, kamar caca, da saye-saye barkatai, da cin abinci ba ƙima, da yawan sha'awa, musamman masu shan magungunan da ke kwaikwayon aikin dofamin. Magidancin da bai taɓa caca ba a rayuwarsa sai ga shi ya ƙarar da kuɗin fanshonsa, iyalinsa kuma ba su san daga ƙwayar magani abin ya taso ba.

Auna irin waɗannan abubuwa, da gano sanadinsu, da koya wa mai ciwo da masu jinyarsa yadda za su zauna da su, duk aikin masanin halayya ne. Abin lura kuma shi ne, wasu daga cikin muhimman binciken da aka yi a wannan fage ɗalibai ne suka yi su. Alal misali, Roshan Cools tana ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila, da tallafin ɗalibta daga ƙungiyar masu cutar Parkinson ta Birtaniya, ta wallafa bincike a 2001 da ya nuna cewa maganin dofamin yana gyara wani sashe na tunani ya kuma ɓata wani a jikin mutum guda. Haka nan Michael Frank, a shekarar da ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Colorado, wato 2004, ya nuna cewa mai cutar Parkinson idan bai sha magani ba ya fi koyon darasi daga asara, idan kuwa ya sha sai ya fi koyo daga riba. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen fahimtar dalilin da ya sa wasu ke afkawa caca, domin daɗin ci yana zama a ransu, zafin faɗuwa kuwa ba ya zama.

A ɓangaren cutar Huntington buƙatar ta ma fi fitowa fili. Tun daga 1986 aka fara gwajin jini a wasu asibitocin Amurka, ciki har da na Johns Hopkins, domin a gaya wa mutum lafiyayye ko zai kamu da cutar nan gaba. Yadda za a isar da irin wannan labari, da wanda zai iya ɗaukarsa, da wanda ake tsoron zai hallaka kansa, tambayoyi ne da na'urar gwaji ba za ta amsa ba. Mafi yawan waɗanda ke da damar yin gwajin ba sa yi, domin a ƙasashe da dama waɗanda suka yarda aka gwada su ba su kai kashi 20 cikin 100 ba.

3.3 Abin da Binciken ke Ci

Kuɗin da ɗalibi ke buƙata kashi biyu ne, kuma rashin bambance su kan jawo ruɗani. Akwai kuɗin riƙe ɗalibin kansa, wato kuɗin makaranta da alawus ɗin ci da sha da haya, na tsawon shekara biyar zuwa bakwai da digiri na uku kan ɗauka a wannan fanni. Akwai kuma kuɗin aikin binciken. Na farkon jami'a kan ɗauki nauyinsa a mafi yawan lokuta, amma da sharaɗin ɗalibi ya riƙa koyar da ƙananan azuzuwa ko ya yi wa wani malami aiki na kimanin sa'a 20 a mako. Na biyun shi ne inda gizo ke saƙa.

Ɗalibin da ke nazarin halayyar lafiyayyun mutane yana da garaɓasa, domin ɗaliban ajin farko na sashensa suna nan, za su cike masa takardun tambayoyi ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ke nazarin masu cutar Parkinson ba shi da wannan gata. Sai ya nemo marasa lafiya ta hannun likita, ya biya su ladan lokacinsu, ya biya kuɗin mota nasu da na mai rakiya, domin yawancinsu dattawa ne da suka daina tuƙi. Idan bincikensa ya shafi tasirin magani, dole kowane mutum ya zo sau biyu, rana ɗaya ya sha magani, rana ɗaya kuma ya kwana bai sha ba na kimanin sa'a 12, abin da ke buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da sa idon likita. Takardun gwajin tunani su ma mallakar kamfanoni ne, saye ake yi. Idan kuwa za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ana biyan ɗaruruwan daloli a kowace sa'a. A ƙaddara sa'a guda dala 500 ce, kuma ɗalibi na buƙatar marasa lafiya 20 da lafiyayyu 20 don kwatantawa, ke nan hoto kaɗai ya lashe dala 20,000 kafin a zo maganar komai. Daɗin daɗawa, cutar da ke tafiya sannu a hankali sai an bi mai ita shekara da shekaru kafin a ga sauyi, shi kuwa ɗalibi kwanakinsa a jami'a ƙidayayyu ne.

3.4 Kuɗin Gwamnatin Tarayya

Hukumomi biyu ne na gwamnatin Amurka ɗalibi zai fara tunawa da su. Ta farko ita ce Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NSF. Tun 1952 take ba ɗaliban manyan digiri tallafi na shekara uku, kuma a shekarar 2024 alawus ɗin ya kai dala 37,000 a shekara, ban da dala 16,000 da ake biyan jami'a. Tallafi ne mai tsoka, mai kuma ɗaga darajar wanda ya same shi. Sai dai ƙa'idar hukumar ta daɗe da cewa ba ta ɗaukar nauyin binciken da manufarsa ita ce gano cuta ko warkar da ita, domin a ganinta wannan hurumin hukumar lafiya ne. Saboda haka ɗalibin da zuciyarsa ke kan masu cutar Parkinson sai ya sake wa ƙudurinsa riga, ya ce shi yana nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke koyo daga lada da horo ne, marasa lafiyar kuwa hanya ce kawai ta kai wa ga amsa. A sanarwar da hukumar ta fitar a watan Satumba na 2025 ma ƙofar ta ƙara tsukewa, inda aka cire ɗaliban sashen ilmin halayya na asibiti daga masu neman tallafin, aka kuma hana waɗanda suka shiga shekara ta biyu ta karatu nema.

Hukuma ta biyu ita ce Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa, wato NIH, wadda kasafinta ya kai kimanin dala biliyan 47 a shekarar 2024. Daga ciki, abin da ake kashewa a kan cutar Parkinson a farkon shekarun 2020 bai wuce wajen dala miliyan 250 a shekara ba. Dokar bincike ta 1974 ce ta kafa tsarin tallafa wa masu koyon aikin bincike, wanda daga baya aka raɗa masa sunan Ruth Kirschstein. A ƙarƙashinsa akwai kason da ake kira F31, wanda ɗalibin digiri na uku ke nema da sunansa, da kuma T32, wanda ake ba jami'a ita kuma ta zaɓi ɗalibanta. A shekarar 2024 alawus ɗin F31 dala 28,224 ne a shekara, tare da wani kaso na kuɗin makaranta. Abin da ake ƙarawa domin sauran hidimomi kuwa bai kai dala 5,000 ba, kuma daga cikinsa ake fitar da inshorar lafiya da kuɗin zuwa taro. Ma'ana, wannan tallafi yana sayen lokacin ɗalibi ne, ya sauke masa nauyin koyarwa, amma ba ya biyan kuɗin hoton ƙwaƙwalwa. Don haka ne masu tantancewa ke duba malamin da ke jagorantar ɗalibin kamar yadda suke duba ɗalibin, su ga ko yana da babban tallafi a hannu da zai ɗauki nauyin aikin. Suna kuma son ganin ɗan sakamakon farko da ke nuna aikin zai yiwu. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, to a nan ma haka abin yake: ɗalibin da ya faɗa hannun malami mai kuɗi shi ne zai sami kuɗi.

Akwai wata matsalar ta daban. NIH ta ƙunshi cibiyoyi da sassa 27, kowace da huruminta. Cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna ƙarƙashin cibiyar da aka kafa a 1950, lafiyar hankali tana ƙarƙashin wadda aka kafa a 1949, al'amuran tsufa kuma suna ƙarƙashin ta 1974. To ɗalibin da ke son nazarin ciwon damuwa a jikin dattijo mai cutar Parkinson, ina zai dosa? Ƙudurinsa ya taɓo dukkan ukun, amma ba ya tsakiyar aikin ko ɗaya daga ciki. Wannan ne ya sa malamai ke shawartar ɗalibai da su tuntuɓi jami'in shirin kowace cibiya tun kafin su ɗora alƙalami. Ba wai irin wannan bincike ba ya samun kuɗi ba ne sam. Roseanne Dobkin, masaniyar halayya a jihar New Jersey, ta gudanar da gwaji a kan marasa lafiya 80 da kuɗin NIH, ta kuma nuna a 2011 cewa zaman tattaunawa na mako 10 don gyara tunani da ɗabi'a yana rage damuwar masu cutar Parkinson. Amma ita ta riga ta gama karatu a lokacin, kuma aiki mai wannan girma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Ya kamata a ambata cewa tallafin NSF da na F31 duka na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Ɗalibin da ya je karatu daga Nijeriya ko Nijar ko wata ƙasa ba ya cikin lissafi, sai dai ya raɓu da tallafin malaminsa. Shekarar 2025 kuma ta zo da girgiza. A watan Fabrairu NIH ta ba da sanarwar rage kuɗin hidimar da take biyan jami'o'i a kan kowane tallafi zuwa kashi 15 cikin 100, kafin wata kotun tarayya a jihar Massachusetts ta dakatar da matakin. A shekarar ce kuma aka soke kason F31 da aka keɓe wa ɗaliban al'ummomin da ba su da yawa a fagen kimiyya.

3.5 Gidauniyoyin da Iyalai Suka Kafa

Idan ana son ganin abin da ɗalibin ilmin halayya zai iya zama a wannan fage, da kuma irin kuɗin da ke kai shi can, babu misalin da ya kai na Nancy Wexler. A shekarar 1967 mawaƙin nan na Amurka Woody Guthrie ya rasu da cutar Huntington, sai tsohuwar matarsa Marjorie ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, wanda shi ne ya zama Ƙungiyar Cutar Huntington ta Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1968, likitoci suka tabbatar wa Leonore Wexler cewa tana da cutar, wadda ta riga ta kashe 'yan'uwanta maza uku. Mahaifin 'ya'yanta, Milton Wexler, masanin halayya ne a birnin Los Angeles. Shi ne ya tara 'ya'yansa mata biyu, Alice da Nancy, ya gaya musu halin da ake ciki, sannan a wannan shekarar ya fara aikin da ya zama Gidauniyar Cututtukan Gado.

Nancy tana da shekara 23 a lokacin, tana shirin fara digiri na uku a ilmin halayya na asibiti a Jami'ar Michigan. Sai ta mayar da abin da ke cin ranta ya zama batun kundinta. Ta zauna da mutanen da ke cikin hali irin nata, waɗanda iyayensu ke da cutar su kuma ba su san makomarsu ba, ta auna tunaninsu da motsinsu, ta saurari yadda suke yanke shawarar aure da haihuwa. Ta kammala a 1974. Wannan aiki na ɗalibta, wanda bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba, shi ne ya sa a 1976 aka naɗa ta babbar daraktar hukumar da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa don duba cutar, a ƙarƙashin shugabancin Marjorie Guthrie.

Daga nan ne labarin ya koma ƙasar Benezuwela. Tun a shekarun 1950 wani likitan ƙasar, Americo Negrette, ya lura da yawan masu cutar a ƙauyukan masunta na bakin tafkin Maracaibo. Wexler ta fara zuwa wurin a 1979, kuma daga 1981 ta riƙa jagorantar tawaga duk shekara har fiye da shekara 20. Sun tsara salsalar dangi mai ɗauke da mutum fiye da 18,000, sun kuma ɗebi jinin fiye da 4,000. Shawo kan matalautan masunta su ba da jini da ɗan yankin fata ga baƙi ba aikin ɗakin gwaji ba ne, aiki ne na wanda ya san halin mutane, kuma an ruwaito cewa tabon da ke hannunta, na irin gwajin da aka yi mata ita ma, ya taimaka wajen samun yardarsu. Da wannan jini ne James Gusella na Babban Asibitin Massachusetts ya gano a 1983 cewa ƙwayar gadon cutar tana kan kuromosom na 4. Bayan shekara goma, a 1993, haɗin gwiwar ɗakunan bincike shida da gidauniyar ta haɗa kansu ya gano ƙwayar kanta, inda aka ga cewa wasu haruffa uku na rubutun halitta, CAG, su ne ke maimaituwa fiye da ƙima. Duk wanda nasa suka kai 40 ko fiye zai kamu idan ya yi tsawon rai. A 2020 Wexler ta bayyana wa duniya cewa ita ma tana da cutar.

Abin dubawa a wannan tarihi shi ne, kuɗin gwamnati ya shigo ne bayan iyalai sun buga ganga, kuma gidauniyar iyali ce ta yarda ta sa kuɗi a kan dabarar da manyan masana da yawa suka ɗauka za ta ci shekaru masu yawa kafin ta haifar da wani abu. Sai dai kuma akwai wani darasin da ba a cika faɗa ba. Ɗalibar da ta fara da tambayar yadda mutum ke rayuwa cikin zullumi, sunanta ya fito ne ta hanyar farautar ƙwayar gado, domin can ne kuɗi da fata suka karkata. Su kuwa iyalan Maracaibo, ko da yake an buɗe musu gidan jinya a 1999 da taimakon gidauniyar, talaucinsu bai gushe ba.

A ɓangaren cutar Parkinson, gidauniyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda ɗan wasan fim Michael J. Fox ya kafa a shekarar 2000, bayan an gano yana da cutar a 1991 yana ɗan shekara 29. Ya zuwa 2024 ta kashe fiye da dala biliyan 2 a kan bincike. Manufarta a bayyane take, wato samo magani, don haka mafi yawan kuɗinta na tafiya ne ga ƙwararru da kamfanonin haɗa magunguna. Akwai kuma Gidauniyar Parkinson, wadda ta samu a 2016 daga haɗewar wasu ƙungiyoyi biyu da aka kafa tun 1957, da Ƙungiyar Cutar Parkinson ta Amurka ta 1961. Waɗannan kan ba ɗalibai ɗan tallafin aikin hutun bazara na 'yan makonni, wanda ya isa a ɗanɗana bincike amma bai isa a gina kundi a kansa ba.

3.6 Ƙungiyoyin Masana Halayya

Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka da gidauniyarta suna ba da tallafin kammala kundi, har da na Benton da Meier wanda aka keɓe wa ɗaliban da ke nazarin dangantakar ƙwaƙwalwa da hali. Waɗannan ba sa tambayar ko bincike zai kai ga magani, kuma wannan ne amfaninsu. Illarsu ita ce ƙanƙanta, domin yawanci 'yan dubban daloli ne. Ɗalibi kan tattara biyu ko uku, ya haɗa da ɗan abin da sashensa ya ba shi, ya biya mahalarta bincike.

3.7 Yadda Tushen Kuɗi ke Juya Akalar Tambaya

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa hanyar da ta fi buɗuwa ga ɗalibi ita ce ya shiga cikin babban aikin malaminsa ya yanki wani ɓangare. Wannan ba aibu ba ne a kan kansa. Binciken PREDICT-HD da Jane Paulsen, masaniyar halayya da ke Jami'ar Iowa a lokacin, ta jagoranta daga farkon shekarun 2000 da kuɗin NIH da na gidauniyar CHDI, ya bi mutane fiye da 1,000 masu ɗauke da ƙwayar cutar Huntington waɗanda ba su fara nuna alama ba. Ya tabbatar da cewa sauyin tunani da na hali kan fara shekaru da dama, har fiye da goma, kafin likita ya ga fizgar gaɓa. Babu ɗalibin da zai iya tara irin waɗannan bayanai shi kaɗai, kuma ɗalibai da yawa sun rubuta kundayensu daga cikinsu. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yana neman ma'aunin da zai nuna ko sabon magani na aiki, saboda haka gwajin tunani da ke bin sawun cutar wata bayan wata yana da kasuwa. Tambayar yadda matar da ke jinyar mijinta shekara 15 take ɗaukar nauyin, ko yadda yaro ɗan shekara 12 ke girma a gidan da uwa ke sauya hali, ba ta da irin wannan kasuwa, alhali kuwa ita ce iyalai ke kwana da ita suna tashi da ita.

Hanya ta biyu da ta yawaita ita ce amfani da rumbunan bayanai da aka riga aka tara. Gidauniyar Fox ta fara shirin PPMI a 2010, CHDI kuma ta fara Enroll-HD a 2012, wanda ya tattara bayanan mutane fiye da 20,000 daga ƙasashe da dama. Mai bincike na iya neman izini ya sauke bayanan ta intanet ba tare da biyan kuɗi ba, ko da kuwa ba a Amurka yake ba. Ga ɗalibin da ba shi da tallafi wannan babbar rahama ce, domin kwamfuta da sanin lissafin ƙididdiga sun ishe shi. Sai dai ba zai iya yin tambayar da ba a yi wa marasa lafiyar tun farko ba, kuma yana iya kammala digiri a kan cutar ba tare da ya taɓa zama da mai ita na sa'a guda ba, wanda wannan naƙasu ne ga mai shirin zama masanin halayya.

Har ila yau, mafi yawan mutanen da ke cikin waɗannan rumbuna Turawa ne, kuma gwaje-gwajen tunanin da aka yi musu an tsara su ne da Ingilishi ko wasu harsunan Turai, aka kuma daidaita makinsu da mutanen da suka yi dogon karatun boko. Muhimmancin wannan giɓi ya fito a 2023, lokacin da wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, tare da masana daga Landan da NIH, ya duba bayanan mutane kusan 200,000 'yan Afirka da masu tsatson Afirka, ciki har da masu cutar Parkinson kimanin 1,500 waɗanda mafi yawansu 'yan Nijeriya ne. Binciken ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar, wanda ba a gan shi a binciken da aka yi a kan Turawa ba. Kuɗin wannan aiki ya fito ne daga wani shiri na duniya da aka kafa musamman don nazarin ƙwayoyin gadon cutar, kuma abin da aka nema daga marasa lafiyar shi ne jini ko yawu, tare da taƙaitaccen bayanin ciwonsu.